Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu kemis na Jos: abin da ke gudana a maƙogwaro da huhu yayin da ake gwada haɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanni da dattawan masu kemis na cikin garin Jos da Bukuru, da duk mai riƙe da shagon magani, har da yaran da ake bar wa kanta idan maigida ya fita. Ina gaishe ku. Ya kasuwa, ya kuma sanyi?

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Aikina in karɓi kaki ko abin da aka shafo daga maƙogwaron majiyyaci, in shuka shi a faranti, in ga wace ƙwayar cuta ce za ta tsiro da kuma maganin da ke kashe ta. Wato ni a ƙarshen layi nake, ku kuma a farkonsa. Da ƙarfe goma na dare a Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos, shagonku ne a buɗe. Ku ne ke ba da bashi, ku ake kira "Dakta", kuma maganarku ta fi tawa shiga kunnen uwar yaro. Shi ya sa na rubuto muku ban rubuta wa ma'aikatar lafiya ba. Maganar lasisi da abin da doka ta yarda ku sayar, wannan tsakaninku ne da hukumar da ke kula da ku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da nake so mu duba tare shi ne wannan. Kashe ƙwayar baktiriya abu ne daban, warware ɓarnar da ta riga ta yi kuma abu ne daban. Kafson da ke kan kantarku, in an dace, na farkon kawai yake iya yi. Cututtukan numfashi da suka fi kashe mana yara suna yin ɓarnarsu ne da wasu ƙananan sinadarai da suke fitarwa, kuma da yawa daga ciki idan sun shiga sun shiga ke nan. Kwana uku ko huɗun da ake yi ana cewa "a gwada wannan haɗin magungunan mu gani" su ne kwanakin da waɗannan sinadarai suke aikinsu.

Bari in fara da mashaƙo (diphtheria), domin ita ce ta fi nuna wannan ƙarara, kuma ba labarin da ba ne. Daga ƙarshen 2022 ta ɓarke a ƙasar nan, Kano ta fi kowa jin jiki, sannan Yobe, Katsina, Bauchi, Borno da Kaduna. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Wanda ya san motocin da ke shiga da fita tashar Bauchi Road da kasuwar Farin Gada kullum ba sai an gaya masa cewa babu katanga tsakaninmu da waɗannan jihohi ba.

Ƙwayar da ke kawo ta, Corynebacterium diphtheriae, ba ta cika ratsa jiki ba. A saman fatar maƙogwaro take zama. Abin da ke yawo a jini guba ce da take kerawa, kuma tun 1888 masana biyu, Roux da Yersin, suka nuna haka a birnin Faris: sun tace ruwan da ƙwayar ta girma a ciki har babu ƙwaya ko ɗaya, suka yi wa dabbobi allurarsa, dabbobin suka mutu da alamun cutar. Wani abin mamaki ma, ƙwayar ba da gubar aka halicce ta ba. Umarnin kera gubar yana zuwa ne daga wani bairos da ke kama ita baktiriyar, ya dasa rubutun gadonsa a cikin nata. An gano wannan a 1951. Wadda bairos ɗin bai kama ba tana iya zama a maƙogwaro ba tare da ta haddasa irin wannan ɓarnar ba.

Kuma ba kullum take kera gubar ba. Tana da wani furotin mai gadi da ke danne umarnin muddin akwai wadataccen sinadarin ƙarfe a kusa. Jikin mutum kuwa ɓoye ƙarfensa yake yi, ya ɗaure shi a wasu furotin don kada ƙwayoyin cuta su samu. Da ƙwayar ta ji ƙarancin ƙarfe, mai gadin ya saki, guba ta fara fita. (Kada wani ya ji wannan ya ce to a ba yaro maganin ƙarin jini. Ba ya kai ƙarfe inda ƙwayar take, ba ya hana komai.)

Gubar furotin ce guda ɗaya mai ɓangare biyu. Ɓangaren farko aikinsa neman ƙofa: akwai wani furotin a saman fatar ƙwayoyin halittar jikinmu (ƙananan tubalan da aka gina jiki da su) da yake maƙalewa a kai, kuma ƙwayoyin zuciya da na jijiyoyin saƙo suna da shi. Da ya maƙale, ƙwayar halittar da kanta take haɗiye gubar cikin wata 'yar jaka, ta zuba wa jakar tsami kamar yadda ta saba yi wa duk abin da ta haɗiya. Tsamin nan shi gubar ke jira. Yana sa ta sauya siffa, ta huda bangon jakar, ta tura ɓangare na biyu zuwa cikin ruwan ƙwayar halittar.

Ɓangare na biyun shi ne makashin. Kowace ƙwayar halitta tana rayuwa ne da kera furotin ba dare ba rana, kuma na'urar da ke wannan aiki tana da wani mataimaki da masana ke kira EF-2. Wanda ya taɓa tsayawa kan tela ya ga haƙoran nan da ke ƙarƙashin allurar keken ɗinki, masu jan yadi gaba bayan kowane ɗinki. Idan suka tsaya, allura na nan, zare na nan, amma ɗinki ba ya ci gaba. Aikin EF-2 ke nan. Gubar tana ɗauko wani sinadari da ke cikin ƙwayar halittar, NAD, ta tsinka shi, ta liƙa rabinsa a wani gurbi ɗaya tak a jikin EF-2, shi ke nan ya daina motsi. Ita kuwa gubar ba ta ƙarewa a aikin. Ta gama da wannan ta koma kan na gaba, ta koma kan na gaba. An gwada an tabbatar tun 1978 cewa ƙwara ɗaya ta wannan ɓangare, idan ta shiga, ta isa ta kashe ƙwayar halitta.

Abin da ake gani da ido daga nan yake fitowa. Ƙwayoyin fatar maƙogwaro da suka mutu suna haɗuwa da daskararren jini da fararen ƙwayoyin jini da ita kanta baktiriyar, su zama wani tantani mai kauri, fari-fari zuwa ruwan toka, wani lokaci har baƙi-baƙi. Idan kuka haska fitilar waya kuka ce yaro ya ce "aa", za ku gan shi manne a kan 'ya'yan wuya, yana hawa beli da ganɗa. Bai yi kama da ɗigon ruwan mugunyar da ake gani a ciwon wuya na yau da kullum ba, shimfiɗa ce guda, kuma idan aka yi ƙoƙarin kankare ta jini take yi. Wuya yakan kumbura ta gefe biyu, murya ta dushe, numfashi ya riƙa ƙara, wari ya riƙa fita daga baki. Zazzaɓin kuma sau da yawa ba mai zafi ba ne, wanda shi ke yaudarar iyaye da ku. Don Allah idan kun ga haka ku hana a kai yaron wurin wanzami a cire beli. Yanka a wannan wuri sabon rauni ne a inda guba ta fi yawa, ga zubar jini, ga haɗarin tantanin ya ɓalle ya toshe hanyar iska, ga kayan aikin da za a taɓa wani yaron da su.

Maganin gubar kuwa makari ne da ake samowa daga ruwan jinin dawakin da aka horar da garkuwarsu a kanta. Behring da Kitasato suka buɗe wannan hanya a Jamus a 1890, kuma saboda ita aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har gobe shi ake amfani da shi. Amma makarin yana kama gubar da ke yawo a jini ne kawai. Wadda ta riga ta shige cikin ƙwayar halitta ta fi ƙarfinsa, domin shi ba ya shiga. Saboda haka wanda aka yi wa a rana ta farko ko ta biyu da wanda aka yi wa a rana ta biyar ba ɗaya ba ne, ko kusa. Ko a asibiti ba a jiran sakamakon gwajinmu, da likita ya yi zato yake bayarwa. Kuma makarin nan babu shi a kemis, babu shi a kasuwa. Ta hannun hukumomin lafiya yake zuwa asibitocin da aka ware.

Ga inda abin ya fi ciwo. Kun ba da eritromaisin ko azitromaisin, kuma maganin ya yi aikinsa, ƙwayar ta mutu, maƙogwaro ya fara washewa, uwa ta dawo tana godiya. Bayan mako ɗaya ko biyu sai yaron ya fara kasala, ya yi fari, bugun zuciyarsa ya rikice, ya faɗi. Gubar da ta shiga tsokar zuciya tun kwanakin farko ce take bayyana. Wani kuma sai ya sha ruwa ya dawo ta hanci, maganarsa ta koma ta hanci, daga baya ƙafafu su saki, domin gubar ta taɓa rufin jijiyoyin saƙo. A unguwa za a ce iska ce ko sammu, ba wanda zai haɗa shi da ciwon wuyan da "ya warke". Mashaƙo tana kashe mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda ta kama, kuma a ƙananan yara da inda makari ya makara adadin ya fi haka.

Rigakafinta ma daga nan hikimarsa take. A 1923 wani masani mai suna Ramon ya gano cewa idan aka jiƙa gubar da sinadarin fomalin tana rasa dafinta amma siffarta ta waje tana nan. Ita ake yi wa yaro a cikin allurar Penta a mako na 6, na 10 da na 14. Jikinsa ya kera nasa makarin ya ajiye, ta yadda ranar da guba ta gaske ta zo za a tare ta tun ba ta kai ƙofa ba. Sai dai wanda aka yi wa rigakafin yana iya ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ya kai wa wani ba tare da ya yi ciwo ba. Shi ya sa ake ba duk mutanen gidan magani idan an samu mutum ɗaya, ba don a wahalar da su ba.

Tarin shiƙa ba sai na daɗe a kai ba, labarin kusan ɗaya ne. Hanyar iska, tun daga hanci har cikin huhu, shimfiɗe take da wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa suna turo majina da ƙura zuwa sama. Ƙwayar tarin shiƙa tana maƙalewa a kansu, ta saki wani ɓarɓashin bangonta da ke kashe ƙwayoyin halittar da ke ɗauke da gashin, ta kuma fitar da wata guba da ke rikita saƙonnin cikin fararen ƙwayoyin jini. A mako ɗaya ko biyun farko mura ce kawai ake gani, kuma a lokacin ne antibayotik ke da tasiri a kan ciwon, a lokacin ne kuma yaro ya fi yaɗa ta. Kafin a fara jin tarin nan mai jere da shiƙa da amai, ɓarnar ta riga ta auku, kuma zai iya kai wata biyu ko uku. Kwalba nawa ta maganin tari za ku sayar ba za ta tsirar da gashin ba. Abin tsoro jariri ne ɗan ƙasa da wata shida: shi sau da yawa ba ya shiƙar, numfashi yake ɗaukewa, leɓe ya yi shuɗi. Wannan ba ya kwana a gida.

Sai limoniya, wadda a nan Jos kowa ke ce wa "sanyi ya shige shi". Ban raina wannan magana ba. Garin da ke sama da mita 1,200 a kan tsauni, ga hazon Disamba da Janairu, ga ɗaki a rufe da gawayi a kasko, dole ciwon ƙirji ya ƙaru. Busasshiyar iska da ƙura da hayaƙi da bairos ɗin mura duk suna raunana 'yan gashin nan. Amma sanyin hanya yake buɗewa, mai shiga daban ne. A cikin baktiriya, wadda ta fi kowa shiga ita ce Streptococcus pneumoniae, kuma ba daga nesa take zuwa ba: tana zaune a bayan hancin yara da yawa masu lafiya ƙalau.

Makaminta na farko riga ce ta wani nau'in sukari mai santsi da ta lulluɓe kanta da ita. Fararen ƙwayoyin jini suna gane abin da za su haɗiye ne ta alamomin da jini ke liƙa masa. Rigar tana hana alamomin zama da kyau, tana kuma rufe waɗanda suka zauna. Irin rigar ya haura 90, kuma garkuwar da mutum ya samu a kan ɗaya ba lallai ta yi aiki a kan wata ba. Allurar PCV ta rigakafin limoniya da aka fara shigarwa cikin rigakafin yaran Najeriya a ƙarshen 2014 guntayen rigunan da suka fi kisa ce aka ɗaura a kan furotin, domin garkuwar ɗan ƙasa da shekara biyu ba ta iya riƙe sukari zalla a ƙwaƙwalwarta. Gaɓar da ta fi iya tace masu irin wannan riga daga jini kuwa saifa ce. Yaro mai sikila saifarsa takan daina aiki tun yana ƙarami. Don haka zazzaɓi a jikin mai sikila, ko da da safe ya fara, ba na haɗi ba ne. Ƙwayar tana iya cika jininsa cikin sa'o'i.

Makaminta na biyu wata guba ce mai neman kolestirol, wanda ke cikin fatar kowace ƙwayar halittarmu. Guda-guda suke zuwa su zauna a kan fatar, su jeru su talatin ko fiye su yi zobe, zoben ya nutse ya bar rami. Ƙwayar halittar ta tsiyaye. Yawancin gubar tana fita ne idan baktiriyar ta fashe, kuma ita da kanta take fasa kanta. Ina ganin wannan a faranti: a rana ta farko ɗigon ƙwayar a tashe yake, da koren da'ira kewaye da shi inda ta lalata jinin da ke cikin abincin, washegari tsakiyarsa ya lotsa, domin na tsakiyar sun narkar da kansu.

A cikin huhu, bangon da ke tsakanin iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Idan aka huhhuda shi, ruwa da jajayen ƙwayoyin jini da farare suna kwarara cikin 'yan jakunkunan iska su cika su. Daga nan kakin nan mai launin tsatsa yake, daga nan sukar haƙarƙari take idan kumburin ya kai rufin huhu, daga nan kuma saurin numfashi yake. Wannan na ƙarshen kuna iya aunawa ba da ko sisi ba. Uwa ta ɗaga rigar yaro yana kwance a cinyarta ba ya kuka, ku buɗe agogon waya, ku ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan kuma ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko yana ta barci ba ya farkawa da kyau, ko ya yi jijjiga, iskar oksijin yake bukata, ba ta kuwa kan kantarku.

Akwai abin da nake so masu sayar da Augmentin su ji. Dangin fenisilin, har da amozisilin, suna kashe baktiriya ne ta hanyar toshe furotin ɗin da ke gina bangonta. Wasu ƙwayoyin suna kare kansu da wani sinadari mai yanka maganin, kuma ƙarin da ke cikin Augmentin an sa shi ne don ya toshe wannan mai yankan. To ita ƙwayar limoniyar nan ba ta kera shi sam. Hanyarta daban ce: tana tsintar rubutun gadon 'yan'uwanta da suka mutu a baki da maƙogwaro, ta saƙa shi cikin nata, siffar magininta ta ɗan sauya, maganin ya daina kama shi sosai. Wannan hali nata na tsince-tsince shi Griffith ya gani a Landan a 1928, kuma da shi Avery da abokan aikinsa suka nuna a 1944 cewa DNA ce ke ɗauke da gado. A 1977 aka ga irin da ke jure magunguna da dama a Afirka ta Kudu. Ma'anar wannan a shago ita ce tsadar magani ba ta ƙara masa ƙarfi a kanta. Abin da ke cin ta shi ne isasshen awo, a kan lokaci, har kwanakin su cika. Shi kuwa almakashin nan da ake yanka kati da shi a ba mutum kafso huɗu na kuɗin da ke hannunsa, a haɗa da ja-da-baƙi biyu da farasitamol a ƙulle a leda, yana kashe masu rauni ne ya bar wa masu taurin kai fili. Na san ba mugunta ba ce, mutum ne ya zo da ɗari biyar kuma ba ku son ya koma hannu rabbana. Amma sakamakon a farantina yake fitowa, inda nake jera magunguna ƙwayar ta tsiro har gindinsu.

Ga kuma wata mai suna maikofilasma da ke kawo tari mai jan lokaci ga 'yan makaranta da samari, wadda ba ta da bango kwata-kwata, don haka amozisilin ba shi da abin kamawa a jikinta. Mura da yawancin tarin kwana uku kuwa na bairos ne, babu kafson da ke taɓa su.

Tarin fuka salonsa daban ne, kuma a nan ne nake ganin hannunku ya fi nauyi. Ƙwayar da Koch ya bayyana a ranar 24 ga Maris 1882 ba da irin waccan gubar ta dogara ba. Bari take yi a haɗiye ta. Manyan fararen ƙwayoyin da ke gadin huhu suna haɗiye ta cikin jaka, kuma a ƙa'ida jakar za ta haɗe da wata mai ɗauke da tsami da sinadaran narkarwa. Ita kuwa tana fitar da abubuwan da ke hana jakunkunan biyu haɗuwa, daga baya ma ta huda jakar da wani ƙaramin furotin. Ɓangaren gadon da ke kera wannan furotin shi ne ya ɓace daga ƙwayar BCG ta rigakafin tarin fuka, shi ya sa ake iya yi wa jariri ita ranar haihuwa. Bangonta kitse ne mai kauri irin na kakin zuma da magunguna da yawa ba sa ratsawa, kuma tana rabuwa biyu ne sau ɗaya a cikin awa 15 zuwa 20, alhali wasu baktiriya minti 20 ya ishe su. Jiki kan kewaye ta da ƙwayoyin garkuwa ya killace, ta yi shekaru a ciki. Yunwa, ciwon suga, ƙanjamau da ƙurar dutsen da masu haƙar kuza ke shaƙa a ramukan Bukuru da Barikin Ladi duk suna raunana wannan killacewa. Haka ma deksametason da firedinisolon da ake jefawa cikin haɗi don mutum ya ji sauƙi da wuri. Idan killacewar ta rushe, sinadaran jikin mutum ne da kansu ke cinye naman huhu su bar kogo, tari da jini ya biyo baya.

Wannan jinkirin nata shi ya sa maganin yake wata shida, wata biyu da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu. Ana haɗa su ne saboda a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke kogo ɗaya ba a rasa 'yan kaɗan da kuskuren kwafi ya sa suka jure magani guda. Canjin harafi ɗaya a gadonta ya isa ya hana rifamfisin kamawa, kuma na'urar GeneXpert da ke manyan asibitocinmu wannan canjin take dubawa, ta ba da amsa cikin kamar awa biyu. Yanzu ku duba abin da antibayotik irin su sifuro da lebofulozasin ke yi wa mai tarin wata guda. Suna taɓa ƙwayar tarin fuka, tari ya lafa, zufar dare ta ragu, mutum ya ɗauka ya warke, ya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa. Gwaji ya makara, wani lokaci ma kakin ya ɓoye ƙwayar. Dangin wannan magani kuma su ne ginshiƙin abin da ake ba wanda tarin fukarsa ta ƙi jin magungunan farko, ga shi an riga an koya wa ƙwayar jure su. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tarin da ya kai mako biyu, kaki ake nema, ba kafso ba.

Na san abin da wasunku za su ce: in na tura shi asibiti bai je ba, shagon gaba zai shiga a haɗa masa. Gaskiya ne, shi ya sa na sa shugabanni a farkon wasiƙar. Abin da shago ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya. Kuna da taro, kuna da tara, kuna da hanyar da kuke ladabtar da wanda ya karya farashi. Ku sa waɗannan cikin abin da kuka yi ittifaƙi a kai: wuya mai tantani, jariri mai ɗaukewar numfashi, yaron da ƙirjinsa ke lotsawa, mai sikila da zazzaɓi, da tarin mako biyu, ba a haɗa musu, kowane shago aka shiga amsa ɗaya za a ji. Ku nemi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu duka akwai, ku karɓi lambarsa ku liƙa a bango. Kuma turawar ta zama da takarda, ko da bayan kwalin magani ne: ranar da ciwon ya fara, abin da kuka gani, da sunan duk abin da aka riga aka sha da adadinsa. Likita yana auna yawan makarin mashaƙo ne da kwanakin ciwon da girman tantanin, ni kuma idan na san an sha antibayotik na san dalilin da farantina ya fito fayau, ba zan rubuta cewa babu komai ba.

Duk uwar da ta zo sayen maganin mura kuma, ku tambaye ta katin rigakafi. Idan Penta ɗaya aka yi aka tsaya, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma asibitin sha-ka-tafi na unguwa yana yi kyauta.

Idan shugabanni sun ga ya dace, a shirye nake in zo taronku na gaba da hotunan tantanin mashaƙo da na farantan gwaji, mu duba tare, ku ma ku gaya mini abin da ke hana mutane ƙarasawa asibiti idan kun tura su.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Jos